Katakon Ɗakin Inna Rakiya

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a unguwar Takur ta garin Dutse, sunansa Zailani. Ɗan makiyaya ne daga wani ƙauye a ƙasar Miga. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa Inna Rakiya ce ta yi ta tallan nono da man shanu har ya gama karatu.

Da Allah ya buɗa masa ya gina gida, sai ya ɗauko ta daga ƙauye, ya ware mata ɗakin da ya fi kowanne girma. Ya ce tayil ya zama ruwan dare, ɗakin Inna katako za a shimfiɗa, irin wanda ya gani a wani otal a Abuja. Aka kawo katako daga Kano, aka shafe siminti da gam, aka jera shi yana sheƙi.

Ranar da za ta shiga, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta taɓa shi da yatsan ƙafa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Sai dai fa santsi gare shi."

"Za ki saba, Inna. A dai kula, ba ya son ruwa, ba ya son wuta."

Ba ta saba ba. Idan ta yi alwala sai ta tsaya a waje har ƙafarta ta bushe, sannan ta shiga tana dafa bango. Lokacin sanyi ba halin ta shigar da kaskon garwashinta. Matan ƙauyensu da ke kawo mata ziyara suna leƙawa su ga ɗakin, sai su ce a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, kada furarsu ta zuba a yi ɓarna.

Wata rana ta ce masa, "Da za ka cire mini katakon nan, simintin ma ya ishe ni."

Ya yi dariya. "Haba Inna. Abokan aikina har zuwa kallonsa suke yi. Kuma gam ɗin ya riga ya kama, ba ya ciruwa."

Ana nan sai ya shiga gaishe ta ya tarar katakon ya kumbura ya yi baƙi a inda take ajiye buta. Ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya a gaban 'ya'yansa.

"Inna, sau nawa zan faɗa? Abu mai kyau ba ya daɗewa a hannunku."

Ta dube shi, ta dubi jikokinta, ta sunkuyar da kai.

Da kaka ta yi, ta ce za ta je ƙauye ta ga girbin gero. Ta sauka a gidan babbar 'yarta Mashkura, wadda Zailani ke kira Adda. Aka gama girbi, aka kai hatsi rumbu, Inna ba ta dawo ba. Duk sanda ya kira sai ta ce, "Ina nan tafe."

Adda ce ta fasa masa ƙwai a waya.

"Ba za ta dawo ba, Zailani. Ta ce a ɗakin nan baƙuwa take jin kanta. Matar da ta yi ta taka ƙaya don ka yi karatu, ita ce ka sa take tsoron taka ƙasa a gidanka."

Maganar ta shige shi. Ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Washegari ya nemo wani kafinta, Malam Sale, ya ce a cire katakon gaba ɗaya.

Malam Sale ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya girgiza kai. "Za a cire, Alhaji, amma sai an yi haƙuri."

Shi da yaran aikinsa suka fara yanka katakon gunduwa-gunduwa da zarto, suna cusa ƙarfe mai faɗin baki a ƙarƙashi suna dukansa da guduma. Wani ya ɓalle salin-alin, wani ya tsage ya bar rabinsa a manne, wani ya taso da ɓarin siminti ya bar rami. Inda katakon ya tashi kuma, gam ɗin na nan ya bushe kamar ƙanzo a gindin tukunya. Sai an zuba ruwan zafi ya yi laushi, a durƙusa a kankare. Injin da suka aro don gurzawa, in an ɗauke wuta sai ya zama kayan kallo.

Zailani da kansa yake tuɓe babbar riga in ya taso daga aiki, ya durƙusa tare da su. Tafin hannunsa ya yi kanta, sartsen katako ya shige masa farce. Adda kaɗai ya gaya wa, bai kira Inna ya gaya mata ba. So yake ya gama tsaf, ya je ya ɗauko ta, ya buɗe mata ƙofa ta gani da idonta.

Ana tsakiyar aikin Adda ta kira.

"Inna ba ta jin daɗi. Zazzaɓi ne, amma tana ta tambayarka. Ka zo mana."

"Ku kai ta asibiti, Adda, zan aiko mota. Ni ba zan zo mata da baki kawai ba. Saura kaɗan mu gama."

"Ba ɗaki take tambaya ba, kai take tambaya."

"Ki ce mata ina nan zuwa ranar Juma'a."

Ranar Laraba da hantsi, yana durƙushe yana kankarar gam a kusurwar ƙofa, wayarsa ta yi ƙara. Bai ji muryar Adda sosai ba, kukan mata ya fara ji a bayanta. Ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa.

Ya iske an riga an yi mata wanka. Da gam a hannunsa ya ɗauki makararta.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya ja Adda gefe.

"Ta yafe mini?"

"Ita ba ta taɓa riƙe ka ba. Duk wanda ya zo duba ta sai ta ba shi labarin ɗakin da ɗanta ya gyara mata a Dutse. Ni kaɗai ta gaya wa gaskiya." Adda ta share ido da bakin mayafi. "Ko motsin babur ta ji a waje sai ta ce, ku duba ko shi ne."

"Ba ki gaya mata ina cire katakon ba?"

"Na gaya mata. Ta ce, wa ya sa shi wannan wahala? Da ya zo ya zauna kusa da ni."

Bayan sadakar bakwai ya koma Takur. Ya buɗe ɗakin ya zauna a ƙasa, gefe guda siminti mai ramuka, gefe guda ragowar katako. Malam Sale ya yi sallama, ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce, "Alhaji, a ci gaba, ko a bar shi haka?"

Zailani ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ƙwace masa. Malam Sale ya tattara kayan aikinsa a hankali, ya ja masa ƙofa.

Darasi: Kyautar da ba a saurari mai karɓarta ba tana iya zame masa nauyi. Idan ka ɓata wa iyayenka rai, kada ka jira sai ka gama gyara kafin ka nemi gafara. Ka je musu da bakinka tun suna da rai, aikin ya biyo baya. Duk wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa, wataƙila akwai tsohuwar da ke sauraren motsin ƙofa yanzu haka. Allah ya jiƙan iyayenmu.