Kifin Farko na Tabkin Ruwan Tsamiya

Tun da na dawo daga Ikko ƙafata ba ta zauna ba, sai ranar da Kawu Ɗanjuma ya kama mini gefen riga a rumfar mai shayi. Ya ce, "Zauna, sarkin yawo. Ƙasar da kake takawa rai gare ta kamar ni da kai. Ku matso ku ji."

Ya ce a garin Ruwan Tsamiya tabki ne abincin kowa. Da aka sare itatuwan tudu, ruwan sama ya riƙa kwaso yashi yana zubawa a ciki, har tabkin ya zama tsagaggiyar laka. Dattawa suka yanke cewa in damina ta sake wucewa a haka, gari zai tashi. Abokai uku suka ƙi yarda.

Nomau manomi ne, gonarsa na kan tudun. Lokacin sassabe kowa yana sare tohon kututture, shi kuwa ya bar nasa, ya roƙi maƙwabta su bar nasu. Aka riƙa yi masa ba'a: "Nomau, gona kake yi ko kurmi?" Tohon ya zama itace, saiwa ta riƙe ƙasa, yashi ya daina gangarowa.

Cindo makiyayi ne. Ya hana shanunsa sauka bakin tabkin, duk da nisan rijiya. A kan tudun yake kwantar da su bayan sun ci 'ya'yan gawo. Kashinsu ya zama taki, irin da ke ciki ya tsiro, ciyawa ta rufe wurin, ruwan sama ya samu inda zai tsaya ya nutse. Shanun sun rame, mahaifinsa ya yi ta faɗa, amma Cindo bai sauko da su ba.

Gwadabe masunci ne. Ya san gaiwa tana kwance da ranta a cikin busasshiyar laka tana jiran ruwa, mutane kuma suna haƙo ta don miya. Ya kafa bukka a wurin ya hana haƙa, har ya ɓata da surukinsa. A gidansa ma miyar kuka ake sha ba kifi.

Sauran aikin ba wanda ya sa hannu. Ruwa ya zauna, gaiwa ta farka, kwaɗi suka cika dare da kuka, tsuntsaye suka dawo, tarwaɗa ta biyo rafi ta shigo. Gari bai tashi ba.

Al'adarsu ce ranar buɗe kamun kifi, kifin farko na wanda ya fi yi wa gari aiki ne. Aka kamo wata ƙatuwar tarwaɗa aka sa a ƙwarya da ruwa. Sai wata tsohuwa, Iya Kande, ta ce, "'Ya'yan nan, ba na raina muku. Amma me kuka yi in ba janye hannu ba? Ƙasa ce ta warkar da kanta, da ikon Allah. Ku mayar mata da abinta."

Kawu ya kurɓi shayi ya dube mu, ya ce:

To, jama'a, tarwaɗar tana nan tana motsi a ƙwarya. Nomau za a ba, ko Cindo, ko Gwadabe, ko kuwa a mayar da ita ruwa?