Itacen Bukkar Kan Dutse

Akwai wani saurayi mai suna Didar, ɗan wani ƙauye ne a tsaunukan arewacin Pakistan. Shekara tara ya yi a Karachi, ya dawo da jaka ɗaya da baƙin gilashi da raini cike da ciki.

Ya tarar an zuba wa hanya kwalta. Gonar tuffan maƙwabcinsu ta zama masaukin baƙi. An kafa ƙarfen sabis a bayan makaranta, kuma duk yaron da ya mallaki takalmin hawa ya zama mai yi wa baƙi jagora. Abu ɗaya ne bai canza ba: duk mai hawa zuwa bukkar dutse da ke sama sai ya goya ɗaurin itace, domin can bishiya ba ta fitowa. Ka ƙona abin da sanyi ya tilasta maka, ka bar saura don na bayanka.

Didar bai dawo don noman dankali ba. Wani mai kamfanin yawon buɗe ido daga Lahore, Faraz, ya zo da matarsa Mehwish. Ya ce idan tafiyar ta yi masa daɗi, duk baƙinsa Didar zai riƙa kai su. Da wannan aikin ne kawai Didar zai iya zama a gida.

Da sassafe suka kama hanya. A wajen bishiyoyin ƙarshe suka iske Kawu Daulat, yayan mahaifiyar Didar, yana ɗaure itace.

"Ɗan nan, ina naka ɗaurin?"

Didar ya zaro ɗan murhun gas daga jaka, ya ɗaga sama. "Kawu, duniya ta ci gaba. Ku ne dai har yau kuke aikin jakuna."

"To, jakin na gaishe ka. Ka dai dubi gajimaren can kafin azahar."

"Wayata ta ce rana ce har yamma."

"Wayar taka 'yar wane gida ce a garin nan?"

Faraz ya yi dariya. Didar ya ce masa, "Rabu da su, ranka ya daɗe. Mutanen nan ko agogo ba su yarda da shi ba."

Da hantsi suka isa bukkar. Itace jibge a kusurwa, wanda mutane suka yi ta hawowa da shi a bayansu tun farkon bazara. Mehwish ta ce ina ma a sami wuta a waje, hoto zai yi kyau da farin tsaunin a baya.

Didar bai ko tsaya tunani ba. Ya kwaso itacen kaf, ya cinna wuta har ta fi shi tsayi. Rana tsaka, babu mai jin sanyi. Suka yi hotuna, suka bar toka, suka wuce ƙololuwar da ake hango kwarin gaba ɗaya.

Ba su hango komai ba. Suna isa gajimare ya rufe su, iska ta taso, ruwa da ƙanƙara suka sauko tare. Kafin su lallaɓo bukkar da la'asar sun jiƙe sharkaf. Mehwish tana karkarwa, leɓɓanta sun canza launi, maganarta ta fara sarƙewa.

"Hura wuta!" in ji Faraz.

Didar ya dubi kusurwar. Ko tsinke babu. Ya kunna murhunsa, ya ba da 'yar wuta kamar ta ashana, sanyi ya kashe ta. Ya girgiza shi, ya sake kunnawa. Shiru.

"Kai ne ka ce ka san dutsen nan! Idan wani abu ya sami matata..."

Sai ƙofa ta buɗe. Kawu Daulat ne, ƙanƙara har a gemunsa, ɗaurin itacensa a lulluɓe da mayafin ulu, shi kuwa daga shi sai riga. Ya ga toka a waje, ya ga kusurwa. Ya durƙusa ya hura wuta, ya dafa shayi mai gishiri, ya riƙa ba Mehwish kaɗan-kaɗan har jikinta ya dawo.

Sai da ta iya zama da kanta sannan ya waiwayo. "Ɗan Karachi, matso ka ji ɗumi. Na jaki ne, amma yana ci."

Washegari suka sauko. Faraz bai yi wa Didar sallama ba. Hannun Kawu Daulat ya riƙe, ya tambaye shi ko zai karɓi baƙinsa.

Babu wanda ya zagi Didar a ƙauyen. Maza goma sha biyu dai suka bar girbin dankalinsu, suka goya itace don mayar da na bukkar, suka bi ta ƙofar gidan su Didar ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa, "Sannu da hutawa, jagora."

Bai bi su ba. Ya ce wa mahaifiyarsa, Bibi Nigar, garin nan ba ya son mai ilimi, motar safe zai bi. Ta zauna tana kallonsa yana cusa kaya a jaka. Da ya ɗauko murhun gas ɗin, sai ta miƙa hannu.

"Bar mini wannan. Kajina ba su da abin shan ruwa."

Darasi: Kafin ka raina abin da ka tarar mutane suna yi, tambayi me ya sa suke yinsa. Wanda ya ƙone tanadin jama'a don burgewa, wata rana shi zai fara neman sa, kuma a hannun wanda ya raina zai same shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu dawowa gida da gilashi a ido.