Kazar da Ta Bi Shamuwa

An yi wani saurayi, Sallau, manomin albasa a bakin fadama, da kallon fina-finan katun na Japan a waya ya shiga ransa. Duk labarinsu ɗaya: yaro ya bar gida, ya sami tsohon da zai koya masa faɗa, ya kashe mugu, a yi ta kirarinsa. Ana haka ƙanensa Tanimu ya dawo daga Legas da babur, gari ya ɗauka. Abin ya tsaya wa Sallau a wuya. Saura sati uku a cire albasa, ya ɗaure jaka.

Kakarsa, Iya Tasalla, ta tare shi a zaure.

"Maigida, ina za ka bar ni?"

"Inda ake zama mutum, tsohuwa. Tanimu da me ya fi ni?"

"Zauna. Ni ban yi boko ba, amma jaruman nan naka masu gashi kamar ƙaya, wa ke ba awakinsu ruwa in sun tafi? Ka ji yadda Barmo ya ƙare?"

Ya ce, "Yaya aka yi?"

Ta ce, "Wansa Jatau ya kashe dodo, ya shigo gari da kan, ana kiɗa. Hassada ta hana Barmo barci. Gero ya nuna a gona, shi kuwa ya ɗaura wa jakinsa akumari zai je neman nasa dodon. Jaki ya ce, 'Ranka ya daɗe, kada mu yi irin ta kaza.' Barmo ya ce, 'Me ta yi?'

"Jaki ya ce, 'Ta ga duk shekara in shamuwa ta sauka yara na yi mata waƙa, wai ta kawo damina. Kaza ta ce, ni da ke ba su ƙwai kullum, sai jifa? Ta tashi daga kan ƙwanta ta bi shamuwa. Iyakarta bayan ganuwa, fiffike ya ƙi. Ta dawo ƙwai sun yi sanyi. Ba ta lura ba, shamuwa ma sai ta yaye 'ya'yanta take tashi.'

"Barmo ya tsula wa jakin sanda. Wata huɗu suna yawo, ko ƙadangare bai kashe ba. Ya dawo tsuntsaye sun cinye geron, ya tarar da Jatau yana bin maƙwabta neman tsaba, don kan dodo ba ya dahuwa."

Iya ta gyara zama. "Ban hana ka tafiya ba. Tanimu bai bar komai a ƙasa ba, kai ka bari. Kwana uku ba ruwa, albasar nan ta zama tarihi. Ka cire ta tukuna, ni zan yi maka dambun guzuri."

Zafin Tanimu bai bar ran Sallau ba, amma ya kwance jakar.

"Na ji, Iya. Amma dambun da nama."

"Ji marar kunya! Tashi, rana na yi."