Danƙon Jatau da Tarun Gari

Masu labari sun ce a wani gari na bakin gulbi an yi wani mutum mai suna Jatau, wanda sana'arsa ita ce yin 'yan ƙwallayen da ake ɗaura wa bakin taru don kada ya nutse. Yakan daka ɓawon wani itace marar nauyi, ya kwaɓa da danƙo, ya dunƙula, ya shanya a inuwa. Danƙon nan kuwa na tarkacen fata ne, a dafa shi ya narke, a gauraya da ruwan bagaruwar da ta kwana bakwai a jiƙe. Bagaruwar ce ke hana ruwa cin sa.

Wata shekara ranar su, wato ranar da gari ke fita kamun kifi, ta matso, Jatau ya shagala da yawon biki bai jiƙa bagaruwa ba. Sai ya jiƙa ƙaro ya kwaɓa da shi, ƙwallaye suka bushe suka yi tauri har da sheƙi. Ko yaro ya san ƙaro ba ya shiri da ruwa, amma gogan naka ya ce ai yini ɗaya ne. Ranar su aka jefa babban tarun gari, ya cika da kifi, sai bakinsa ya yi ƙasa, kifi ya watse, ruwa ya ja tarun. Mutane suka ce tsoho Tanko mai saƙar taru ne ya cika masa dalmar da ke jan gindinsa ƙasa. Bayan kwana biyu Sarkin Ruwa ya ce bayan la'asar za a taru a karɓe saƙa daga hannunsa.

Kunya ta hana Jatau zama a gida. Ya tafi bakin gulbi ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Can sai wani tsohon zalɓe da ke tsaye kusa ya ce, "Jatau, ranar su na ga garin ɓawo yana yawo a kan ruwa. Dalma ba ta yin gari."

Jatau ya waiga ko wani ya ji. Ya ce, "Don Allah ka rufa min asiri. Zan jiƙa bagaruwa in gyara aikina, ba sai kowa ya ji ba."

Zalɓe ya ce, "Ni ba na kai ƙara. Amma ka ji labarin Asabe uwar daɓe?"

Jatau ya ce bai ji ba. Zalɓe ya gyara tsayuwa ya ce:

"A wani ƙauye an yi wata mata, Asabe, ita ke jan mata wajen daɓe. Wata rana ana daɓen ɗakin wata mai jego makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, ta ƙare wa Asabe, ta ji nauyin ta ce ta ƙare, sai ta dama jar ƙasa a ruwa ta yayyafa, launi ya zo ɗaya. Kafin wata ya zagayo daɓe ya farfashe. Aka ce Ladi ce, wadda ta ɗebo tsakuwa, ta kawo mai yashi. Asabe ta ja bakinta ta yi gum. Kakarta kuwa ta lura da hannunta ba ƙamshin makuba ran nan, sai ta kira ta ɗaki ta ce, 'Zauna, 'yar nan, in ba ki labarin zanzaro.'

"Tsohuwa ta ce, 'Zanzaro da yawun bakinsa yake kwaɓa ƙasar gini, shi ya sa ɗakinsa ke kama bango. Wani malalacin zanzaro ya gaji da tauna, ya riƙa manna ɗanyen taɓo haka nan. Ɗaki ya bushe ya faɗo da ƙwayayensa. Da 'yan uwa suka tambaye shi, ya ce bangon ne ya yi santsi. Suka gaskata, suka bar bangon nan da ruwa ba ya taɓawa, suka koma na gabas inda ruwan sama ke duka. Damina ta zo ta share su da 'ya'yansu. Kin gani, Asabe, shi ɗaki ɗaya ya rasa, ƙaryarsa ta ci na dangi duka.'

"Asabe ta ji, amma kunya ta fi ƙarfinta. Mata suka daina ɗebo tsakuwa a ramin Ladi, wanda babu kamarsa a ƙauyen, suka koma wani mai nisa, daɓe ya lalace a gidaje da dama. Ladi kuwa ba a sake kiran ta aiki ba, har ta tattara ta koma garin iyayenta. Asabe ta ci gaba da zuba makuba yadda ya kamata har tsufanta, amma duk gyaran nan bai dawo da Ladi ba."

Zalɓe ya dubi Jatau ya ce, "Kai ma za ka gyara danƙonka a ɓoye. Su kuwa za su rage dalma, sabon taru ya ƙi kai ƙasa, kifi ya bi ta ƙarƙashi. Tanko kuma ya zauna a zaure ba mai gaishe shi."

Jatau ya ɗago kai daga gwiwa. Da ya ji kiran la'asar ya ce, "Na ji, kuma gaskiyarka ne." Ya tashi ya bi ta gida, ya ɗauki ƙwarya da ruwa da ƙwallo ɗaya cikin ragowar.

Ya tarar an cika ƙofar Sarkin Ruwa, Tanko na zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai. Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanke, a dubi wannan." Ya jefa ƙwallon a ƙwarya. Jama'a suka zuba ido. Ba a jima ba ya fara saki, gari ya rufe ruwan.

Ya ce, "Ƙaro na sa, ban jiƙa bagaruwa ba. Dalmar Baba Tanko daidai take. Ni na nutsar da tarun gari, kuma na yi shiru ana zagin sa."

Wuri ya ɗauki hayaniya, har wani ya miƙe da niyyar duka, Sarkin Ruwa ya daka masa tsawa. Ya yanke cewa Jatau zai sake ƙwallayen duka, kuma daga yau ba ƙwallon da za a ɗaura wa taru sai ya kwana uku a randar Tanko. Jatau ya ce ya yarda. Sannan ya ja gwiwa zuwa gaban tsohon, ya kasa ɗaga ido, ya ce, "Baba, ka yafe ni."

Tanko ya ɗago. Ya buɗe tafukan hannunsa yana duban su, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Jatau, ba zagin mutane ya dame ni ba. Ni kaina na yarda da su. Shekara arba'in ina auna dalma da hannun nan, na ce tsufa ne ya cinye shi. Jiya na ba jikana allurar saƙata."