Likkafanin Mai Haƙar Rijiya

Akwai wani manomi da ya taɓa faɗawa tsohuwar rijiya yana yaro. Wani mai haƙar rijiya ya ɗaura igiya ya shiga, ya miƙo shi sama. Fitar yaron ke da wuya, rijiyar ta rufta da mutumin. Da aka tono shi, ba numfashi. Aka naɗe shi da farin ƙyalle, an nufi kabari da shi sai ya yi atishawa, masu ɗauke da shi suka watse. Ya tashi ya bar ƙyallen a nan, daga baya ya koma ƙauyensu a bayan dutse.

Manomin ya gāji wani ƙyalle mai tabon jini da jar ƙasa, wanda kakarsa ta ce da shi aka naɗe mutumin. Ya adana shi a akwati. Kowace shekara bayan girbi yakan fito da shi ya ba 'ya'yansa labari.

Wata shekara masaƙa biyu suka duba ƙyallen. Ɗaya ya rantse saƙar wancan zamani ce, ɗaya ya ce zaren ma bai kai shekarun 'ya'yan manomin ba. Gardama ta kaure, gari ya rabu biyu. Babban ɗan manomin ya ce, "Baba, in ƙyallen ƙarya ne, ashe labarin ma ƙarya ne. Ni na daina saurara."

Maganar ta soki manomin, har tuwo ya gagare shi. Matarsa ta ce, "Maigida, kana ta fama da masaƙa. Shi mai ƙyallen mutuwa ya yi?"

Sai ya ɗauki ƙyallen, shi da ɗansa suka haye dutsen. Suka tarar da tsoho yana tufka igiya. Manomin ya durƙusa ya ce, "Baba, da wannan aka naɗe ka?"

Tsohon ya yi dariya. "Ina zan sani? Idona a rufe aka naɗe ni, da na tashi kuwa ban waiwaye shi ba." Ya kama hannun saurayin ya ɗora a kafaɗarsa, inda dutse ya karya ƙashi. Sa'an nan ya dubi manomin ya ce, "Kai ne yaron nan? Shekara da shekaru ina zuba ido a hanya. Ashe ƙyallena kake ziyarta." Manomin ya sunkuyar da kai, ya yi kuka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. A ƙasar Turai akwai wani likkafani da waɗansu ke cewa da shi aka naɗe Yesu, waɗansu masana kuma sun ce an saƙa shi daga baya. Bincike ba laifi ba ne, ni ma ina son in sani. Amma nakan ji tausayin wanda bangaskiyarsa ke rataye da zare, domin ranar da aka tsinka zaren, har 'ya'yansa za su faɗi tare da shi. Mai haƙar rijiyar nan suma ya yi. Ubangijinmu kuwa ya mutu da gaske dominmu, ya tashi, ya bar likkafani a kabari. Yana da rai, yana zuba ido a hanya. Yaushe rabonka da zuwa gaishe shi?