Turmin Yaya Tasalla

Ku matso kusa, kai kuma mai shayi rage wa rediyon nan murya. Yau ni Ilu na zo da shari'ar da ta fi ƙarfina, kun kuwa san ba kasafai nake faɗin haka ba. A Malumfashi duk wanda dabara ta ƙare masa ƙofata yake bugawa, in buƙatarsa ta biya ya manta hanyar gidana. Haka 'ya'yan yayata suka yi mini. Amma ba ƙararsu na kawo ba, wannan na bar su da Allah.

Yayata Tasalla, Allah Ya jiƙanta, ta fi shekara talatin tana dakan yaji a tsakar gidanta, a turmin ƙirya ɗaya da ta gada daga mahaifiyarmu. Ba ta awo. Hannu kawai take sawa ta ɗebo barkono, ta ɗebo citta, masoro, kanumfari, daddawa, ta watsa. A ƙullin leda take sayarwa, kuma ba ta taɓa sallamar mai saye ba tare da gyara ba. Sai ta ɗaure ledar, ta tambaye ka lafiyar gida, sannan ta kwance ta ƙara cokali guda. Ni ne mai ɗanɗanawa. Shekara ashirin ina wannan aiki ba albashi, ba ko na gode, sai dai ɗan abin da ake zuba mini in gwada yajin a kai.

Da kafaɗarta ta fara ciwo, 'ya'yanta uku, Sahura da Mudi da autarsu Atine, suka ce Inna ta daka ya isa. Za su kai yajin wani babban kanti a Kano, irin mai sanyin nan da ake tura kwando mai taya, a jera shi a kanta kamar kayan Turai, ita kuma ta huta.

Mudi direban motar haya ne, kullum yana hanyar Kano. Sau tara yana kai wa manajan kantin samfuri, sau tara ana ce masa manaja ya fita. Sai ya lura akwai wata mai garau-garau a bayan kantin, wurinta ma'aikata ke cin abincin rana, manajan ma daga can ake kawo masa. Mudi ya riƙa kai mata yajin kyauta har wata guda, rana ɗaya ya daina. Kwana uku ma'aikata suna yi wa matar ƙorafi. A na huɗu manajan da kansa ya leƙo ya ce, ina yajin nan? Ta ba shi lambar Mudi. Wannan dabara tawa ce, ko da yake Mudi ya ce bai tuna na faɗa ba. Manajan ya ce zai karɓa, amma da sharaɗi: kowace roba ɗanɗanonta ɗaya, nauyinta ɗaya, a liƙe, da lambar hukumar kula da abinci a jiki. Kuma yana son duk abin da suka daka. Daga ranar aka daina sayar da ƙulli a gida.

Sahura ita ce babba, ita ta ɗauki aikin ɗanɗano. Ta bar mijinta da yara a Kafur ta tare wurin uwar kwana arba'in. Duk sa'ar da Yaya ta ɗebo wani abu za ta watsa a turmi, Sahura ta tare hannun da kwano, ta ɗora a sikeli, ta rubuta. Yaya ta ce, "Ke Sahura, sakar mini hannu, ba ɓarauniya kika kama ba." Sahura ta ce, "Inna, yi haƙuri, saura kimba." Atishawa ta sha ta har idonta ya kumbura. Ita ta gano yadda za a busar da daddawa yajin ya daina dunƙulewa da damina. Ranar arba'in ta haɗa nata ita kaɗai, aka ajiye mini kwano biyu, na lasa wannan na lasa wancan, na kasa rabewa. Ni fa, Ilu! Daga ranar ba a ƙara tambayar Yaya me za a sa ba.

Atine ita ta yi boko, ita ta bi takardu. Masu dubawa suka zo suka ga awaki, suka ga kaji na kiwo a gindin turmi, suka ce ba a nan ba. Atine ta fitar da kayan ɗakinta ta koma kwana a rumfa, ta sa aka shimfiɗa wa ɗakin tayil, aka yi wa tagogi raga, aka kawo injin niƙa na ƙarfe. Sau uku suna dawowa, sau uku tana gyara abin da suka nuna. Saurayinta ya gaji da jin ta tafi Katsina neman sa hannu, ya je ya auri wata. Wata bakwai lamba ta fito. Ita ta zana takardar da ake mannawa, da sunan Tasalla ɓaro-ɓaro. Babu sunana ko a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, na duba sau biyu. Daga ranar aka mirgina turmi bayan ɗaki aka kife shi.

Aka shirya katan ashirin, za a kai ran Asabar. Ran Juma'a da hantsi yaran suka tafi suna. Yaya ta shiga ɗakin tayil, ta ɗaga roba ɗaya sama, ta ga akwai sarari a wuyanta.

Ta ce, "Ilu, zo ka ga rowa."

Na ce, "Yaya, haka ake yi a birni."

Ta ce, "Sunan wa ke jiki, na birni ko nawa? So kake mutanen Kano su ce 'yar Malam Barau ta tsufa da ƙwauro? Miƙo cokali."

Roba ɗari biyu da arba'in ta ɓalle wa liƙi, kowacce ta ƙara mata gyara. Ni na riƙe mata murafen. Kada ku kalle ni haka, umarnin babba na bi. Ban daɗe da ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba, har 'yar waƙar dakanta take yi.

Litinin kaya suka dawo a bayan motar Mudi, rabi sun zube a katan. Manajan ya ce dama ɗaya ta rage. Su ukun suka zauna. Mudi ya ce a kulle ɗakin, Atine ta sayo kwaɗo, Sahura ta ɗaure mabuɗin a haɓar zane. Sai aka rasa mai gaya wa uwar. A nan fa aka tuna da Kawu Ilu. Na je na ce mata hukuma ce ta hana duk wanda ya haura sittin shiga ɗakin. Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yaro in na ce mage ce ta sha nonon. Ta ce, "To, Ilu." Na yi ƙarya da yawa a duniya, wasu har ana tafa mini, amma wannan har yau ba ta sauka daga ƙirjina ba.

Kaya suka shiga, suka karɓu. Bayan wata biyu muka ɗauke ta zuwa Kano ta ga abin da idonta. Na sa babbar rigata mai aska takwas, masu gadi har suna gaishe ni, sun ɗauka ni ne mai yajin. Ta tsaya gaban kanta tana kallon robobi a jere. Sai ga wata mai tsohon ciki ta ɗauki ɗaya ta jefa a kwando. Yaya ta bi ta, ta ce, "'Yata, wannan ya yi miki zafi yanzu, bari sai kin sauka. Cikin fari ne?" Matar ta yi ɗan murmushi ta tura kwandonta gaba. Yaya ta tsaya da hannu a haɓar zane, inda ta ƙullo ɗan yaji tun daga gida don ta yi wa wani gyara. Haka ta dawo da shi Malumfashi.

A mota Atine ta ce, "Inna, kin ga sunanki?" Ta ce, "Na gani. Allah Ya yi muku albarka." Can sai ta ce, "Su masu sayen, wa yake gaishe su?"

Ba ta kai wata damina ba. Kafin ta kwanta jinya ta kira ni bayan ɗaki, ta sa na tayar da turmin, ta shafa bakinsa. Ta ce, "Na ba ka shi tun ina raye, kada ya shiga rabon gado. In na tafi ka ba wanda ya fi cancanta a cikin yaran nan. Ɗaya fa, Ilu, ba a raba turmi." Na ce ta faɗi suna mana. Ta ce, "Kai da ka iya ɗanɗano."

Wata goma sha ɗaya ke nan turmin yana zaurena. Itace ne da ya tsage a gefe, ko mai itacen girki ba zai taya ba. Amma kowannensu gani yake wanda aka ba, shi Inna ta yafe wa kwaɗon nan. Da farko ban yi gaggawa ba, gaskiya. Sahura na aiko mini da dambun nama, Mudi na sauke mini gurasar Kano, Atine na soya mini zabi, kuma alƙali mai hankali ba ya yanke hukunci ciki ba kowa. To yanzu duk sun daina. Sun daina yi wa juna magana ma. Sahura ta rufe littafin awonta, Atine ta riƙe takardu, Mudi ya ce motarsa ba ta ɗaukar yaji sai Kawu ya yi magana. Manajan ya bugo jiya, ya ce kanta ta kusa zama fayau, in wata ya ƙare zai ba wasu wurin.

Ba don Mudi ba, da ƙofar kantin ba ta buɗe ba, amma shi ya raba ta da masu sallama a ƙofar gida. Sahura ta tsare ɗanɗanon har ya rayu bayan mai shi, ita ce kuma ta sa hannun uwar ya zama ba a buƙatarsa. Atine ta rasa ɗaki, ta rasa miji, ta sa sunan Tasalla inda bai taɓa zuwa ba, kuma ita ta kife turmin. Ni da na yi ƙaryar, ban sa kaina a layi ba, ko da yake in da adalci da an ambace ni.

To jama'a, kwana tara suka rage wata ya mutu. A cikin su ukun nan, ƙofar wa zan mirgina turmin Yaya Tasalla?