Baƙin Liyarin Gambo

An yi wani attajiri a wani gari mai babbar kasuwa, sunansa Alhaji Ilu, ba shi da abin so kamar tara tsofaffin kuɗin azurfa. A garin akwai wani tsoho, Baba Jatau, wanda ke duba irin waɗannan kuɗi ya faɗi darajarsu. Yakan ɗora kuɗi a ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa, ya karanta rubutun gefe, ya duba ko gashin sarauniyar da ke jiki ya suɗe. Abin da ya faɗa shi baƙin masu saye ke bi.

Ana nan sai Gambo, ƙanen Ilu, mai ɗinkin hula, ya tsinci liyari, wato tsohon kuɗin azurfa mai hoton sarauniya, a adakar kakarsu. Baƙi ne wuluk, amma kowane silin gashi yana nan. Da aka kai wa Jatau, ya ce bai taɓa riƙe irinsa ba. Da Ilu ya ji, abinci ya daina yi masa daɗi. Shi da ya shekara talatin yana nema, a ce mai allura ya sha gabansa? Ya tafi wurin tsohon, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito fili: so yake a sake dubawa a ce jabu ne.

Jatau ya ce, "Alhaji, ka ji labarin Nomau dillali?" Ilu ya ce bai ji ba.

Jatau ya ce: Nomau yana da liyari mai kyau, maƙwabcinsa ma yana da shi. Wata rana aka yabi na maƙwabcin a gabansa, ƙyashi ya turnuƙe shi. Ya koma gida ya jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya yini yana dirzar nasa har ya yi ƙyalli kamar sabon faranti. Ya kai wa Inna Delu, wata tsohuwa da ta gaji sanin azurfa wurin ubanta, yana taƙama. Ta juya shi ta yi dariya, ta ce baƙin nan da ya kankare shi ne shaidar shekaru, yanzu sai dai a auna a ba maƙeri ya yi zobe. Nomau ya roƙe ta, tun da nasa ya lalace, ta kushe na maƙwabcin ma. Ta ce, "Zauna, ɗana, in ba ka labarin Malam Sambo."

Ta ce: Sambo masanin azurfa ne. Shi da amininsa suka sayi tulu guda na tsofaffin kuɗi suka raba, mafi kyawun ya faɗa rabon aminin. Baƙin ciki ya sa Sambo ya nuna wani ɗan tsagi kusa da kambin sarauniya, ya rantse alamar jabu ce. Aka yarda, don shi ne masani. Ran da ya fito da nasa, masu saye suka duba suka ga tsagin nan a jikin kowanne, don duk bugun wuri ɗaya ne. Suka kaɗe rigunansu suka tafi. Inna Delu ta ce, "Ka ga, bakinsa ne ya talauta shi." Nomau ya ɗauki farin liyarinsa ya fita.

Jatau ya dubi Ilu ya ce, "Duk abin da ke akwatinka, ni na ce na gaske ne, shi ya sa ake girmama shi. Ran da na yi wa Gambo ƙarya, wa zai ƙara yarda da abin da na faɗa a kan naka?"

Hassadar Ilu ba ta tafi ba, amma ya gane. Ya tashi ya nufi rumfar ƙanensa, ya tarar da shi ya jiƙa tsamiya a kwano, wai yana so ya wanke liyarin kafin Yaya ya gani, kada ya ji kunya. Ilu ya tsaya, ya san in ya yi shiru shi ke nan, ba mai ganin laifinsa. Sai ya sa ƙafa ya tuntsurar da kwanon.

Ya ce, "Kada ka taɓa shi, Gambo. A haka ya fi duk nawa."